Kantun Sukarin Si Allal

Mijina Si Allal shekara talatin ya yi yana sayar da tikiti a tashar motocin Meknes, kuma a nan ya kwaso ciwon da har yau ba a samo maganinsa ba. Duk garin da ya taɓa kiran sunansa ta tagar nan, a ganinsa ya je shi. Ka ambaci Midelt, zai faɗa maka kwanar da direbobi ke tsoro. Ka ambaci Warzazat, zai gaya maka rumfar da ta fi iya gashin nama. Alhali sau ɗaya tak ya taɓa hawa dutse, lokacin aurenmu, shi ma a kwance ya yi tafiyar a bayan babbar mota yana ta amai.

Wannan iyayin nasa ne ya raba ni da yayana, Dadda Lahsen. Ranar bikin ɗanmu, Dadda ya sauko daga ƙauyenmu na Tagunt, aka ajiye masa faranti da buta a gaban maza, tunda babban baƙo ake ba wa haɗa shayi. Ya wanke ganye, ya sa na'ana'a, ya ɗaga buta ke nan sai Si Allal ya miƙa hannu ya karɓe ta.

"Kawo nan, Dadda. Ku mutanen dutse kun iya kiwon awaki, amma shayi aikin birni ne."

Dadda ya bar masa butar. Ya goge hannunsa a gwiwa, ya sa takalmi, ya koma tasha ko abincin biki bai taɓa ba. Tun daga ranar, in na buga waya matarsa ce ke ɗauka. Shekara tara ke nan. Dadda shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini hawa alfadari, kuma babu ranar da ban yi kewarsa ba.

Bana da kaka ta shigo, wani direba ya sauke mana kwalin tuffa a ƙofar gida, ya ce daga Tagunt, ba a ba shi wani saƙo ba. Ina buɗewa na gane su: ƙananan nan masu ja gefe ɗaya, na bishiyar da ke bayan ɗakin mahaifiyarmu. Na san halin Dadda. Mutumin da ba ya magana, in ya aiko da tuffa to ya buɗe ƙofa, saura mu shiga. Shigar kuwa hanyarta ɗaya ce: mai laifi ya ɗauki kantun sukari cikakke, dogon curin nan mai tsini, cikin shuɗiyar takardarsa, ya ajiye a gaban wanda ya saɓa wa. In an karɓa, magana ta mutu. In an turo maka abinka, ka san hanyar gida. Kuma dole mu isa kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Tagunt, don in ta rufe sai baɗi.

Na ce mu shiga motar haya, kwana ɗaya da wuni mun isa. Si Allal ya dube ni kamar na zage shi.

"In sauka a gaban surukina kamar buhun albasa? Ina da mota, Ijja. Kuma ba kantu ɗaya zan kai ba, huɗu zan kai. Kuma ba miƙaƙƙiyar hanya za mu bi ba. Duk wani gandun daji na gwamnati da ke tsakanin nan da can sai mun ratsa shi, yadda in na zauna da Dadda zan ba shi labarin duwatsunsa."

"Labarin da ka ba shi na shayi bai ishe ka ba?"

Bai ji wannan ba. Yana da kunne na musamman da ke tace magana.

Motar tsohuwa ce, da kuɗin sallamarsa ya saye ta, kuma tun da ya saye ta iyakarta kasuwa da masallacin Juma'a. Ranar tafiya duk layinmu aka fito kallo. Mai gidan burodi ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Si Allal, wannan ita za ta ɗauke ku, ko ku za ku ɗauke ta?" Wanzamin unguwa ya ce a bar masa makullin gida, ko da za a buƙaci kayan gado. Si Allal ya ɗaga musu hannu kamar mai tafiya hajji.

Yayarsa Lalla Zhor ce ta cika mu uku. Ta shigo kujerar baya da bargo biyu da man zafin gwiwarta.

"Lalla, an gode da za ki zama shaidar sulhu," in ji ni.

"Wane sulhu? So nake in ga inda Allal zai faɗa da idona. Na gaji da jin labarinsa a bakin mutane."

Mun fara da dajin da ke sama da Azru. Gaskiya wurin ya yi kyau, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa a ƙarƙashin manyan itatuwa, iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Birai sun zauna a bakin hanya suna jiran masu ba su gyaɗa. Ma'aikacin gandun ya leƙo ya ce mu rufe komai, kada mu ba su abinci.

"Yaro, na san biran nan tun ba a haife ka ba," in ji Si Allal. "Biri girma yake so. Ka dube shi ido cikin ido, shi ke nan ya san na gaba da shi."

Ya fita, ya buɗe bayan mota don ya ɗauko abin ɗaukar hoto, ya bar shi a buɗe, ya je ya tsaya yana kallon wani ƙaramin biri ido cikin ido. Suna cikin wannan girmamawa, wani ƙaton biri mai furfura ya zagayo ta baya, ya rungumi kantu ɗaya kamar jariri, ya haye bishiya da shi. Muna ji yana yage takarda.

"Allal," in ji Lalla Zhor ta taga, "je ka kalle shi ido cikin ido."

"Sadaka ce. Ai da niyya na sayi huɗu."

A Midelt Lalla Zhor ta ga tuffa ta yi arha, ta sayi buhu guda. Na ce mata wurin masu tuffa za mu, ta ce ba ta zuwa gidan mutane da yunwa. Buhu ya cinye bayan mota, kantu ɗaya ya rasa wuri. Si Allal ya ɗaure shi a saman mota da igiya. Na nuna masa hadarin da ya haɗo kan duwatsu.

"Wannan hadarin Errashidiya zai tafi. Na san hanyarsa."

Hadarin bai sayi tikitin Errashidiya ba. A kanmu ya sauka, ya yi ta zuba har muka hau wani tudu muka gangara wani. Da ruwa ya ɗauke, rana ta fito, sai muka ga wani abu mai yauƙi yana gangarowa ta gilashin gaba. Si Allal ya kunna abin share gilashi, ya shafe mana duniya gaba ɗaya. Kafin ya sami wurin tsayawa, ƙudan zuman yankin sun sami labari. Muka shiga wani ƙauye da su a bayanmu kamar 'yan rakiyar amarya, yara na gudu, mata na rufe tagogi. Wani tsoho mai kiwon zuma ya biyo mu a kan jaki yana cewa mu maido masa da dabbobinsa.

Si Allal ya fita zai yi masa bayani. Ya dawo da leɓe kamar soyayyen fanke. Wunin ranar bai yi magana ba, kuma ita ce rana mafi daɗi a duk tafiyar.

Saura kantu biyu. Na ce mu koma babbar hanya, ya ce taswira ta nuna wata gajeriya ta cikin gandun da ke kusa da Imilshil. Gajeriyar hanyar nan muka yi ta bi har muka manta ranar da muka shige ta. Duwatsu jajaye, tafkuna shuɗaye, ba gida ba shago, sai makiyaya da ke saukowa da tumakinsu daga sama kafin sanyi ya kama su. A wani rafi Si Allal ya ce ruwan iyakarsa idon sawu. Motar ta shiga har gwiwa, ta yi tari, ta mutu.

Makiyaya ne suka ja mu da alfadarai biyu, suka kai mu tantinsu, suka ba mu gurasa mai zafi da man shanu. Mutanen da suka yi maka haka ba ka barin su hannu wofi, wannan ko ni ban musa ba. Si Allal ya miƙa wa babbansu kantu ɗaya. Mutumin ya yi godiya, ya fasa kantun, ya ɗora buta. Sai na ga hannun mijina ya fara tafiya wajen butar nan shi kaɗai.

"Baba, bari in nuna maka yadda ake..."

Lalla Zhor ta sauke masa kwalbar man zafi a kan yatsu.

"Ka zauna, Allal. Laifin farko muke kan hanyar biya, kuma sukari ya kusa ƙarewa."

Da za mu tafi, na ga ya ɗauki shuɗiyar takardar kantun ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce ba ya son a ɓata daji da shara.

A babban garin ƙarshe na roƙe shi mu ƙara sayen sukari. Shaguna ga su nan jere, kantu a tsaye kamar sojoji.

"Guda nawa al'ada ta ce?"

"Ɗaya."

"Guda nawa muke da shi?"

"Ɗaya, amma..."

"To ni mutum ne mai tsari, Ijja. Tun daga Meknes na lissafa uku na hanya, ɗaya na Dadda."

Na karɓi kantun na rungume shi a cinyata, na ce ko sallah zan yi da shi zan tsaya. Haka muka kama hawan dutsen ƙarshe. Kololuwar duwatsu ta riga ta yi fari, na kuma fara gane bishiyoyi da kwanonin hanya. A tsakiyar hawan motar ta yi zafi, hayaƙi ya taso. Si Allal ya ja birkin hannu, ya ce kowa ya fito. Na ajiye kantun a kan wani dutse don in taimaki Lalla Zhor ta fito da gwiwarta. Ƙafarta ɗaya na waje, ɗaya na ciki, sai motar ta fara tafiya da baya.

"Allal, ka tare ta!" in ji Lalla Zhor.

Dutse ne ko'ina a wurin nan. Hagu dutse, dama dutse, ƙasar kanta dutse ce. A cikin duk duwatsun da Allah ya halitta a wannan hanya, mijina ya sunkuya ya ɗauki kantun sukarina ya cusa a ƙarƙashin taya. Motar ta tsaya, ba zan yi masa ƙarya ba. Sukarin kuwa ya zama gari cikin ƙura.

Na zauna a bakin hanya na yi kuka. Ba na ɓoyewa, kuka na yi sosai, irin na yara. Ga Tagunt can bayan tudu biyu, ga shekara tara, ga ni hannu wofi. Komawa gari sayen wani kuwa, da wannan mota da wannan sama, daidai yake da komawa Meknes.

Si Allal ya yi tsaye yana sosa ƙeya. Sai ya hango wasu mutane a gangare suna ɗora wa alfadarai kaya.

"Share hawayenki. Akwai shago a bayan tudun can, na san mai shi."

Ya ɗauki jakar kayan gyaran mota ya gangara. Ya daɗe. Da ya dawo, ga kantu a hannunsa cikin shuɗiyar takarda, an ɗaure da zare, hannun rigarsa duk farar ƙura. Na karɓa na ji ya fi nauyi. Ya ce sabon samfuri ne. Lalla Zhor ta dube shi, ta dubi kantun, ta ja bargonta ta yi shiru, abin da ba halinta ba. Ni kuwa so nake in yarda, shi ya sa na yarda. Da hankalina na jikina da na tuna abin da ke bayan tudun nan tun ina yarinya: ramin haƙar gishiri ne. Daga baya masu haƙar suka ba da labarin wani ɗan birni da ya sayi dutsen gishiri, ya zauna yana goge shi da zarto har ya yi masa tsini. Lissafinsa shi ne, ai kantun sulhu ajiye shi ake yi a saman kabad, in ya kwana biyu ya aiko da na gaske a musanya.

Mun shiga Tagunt da la'asar, motar na tari, yara na bin ta. Kafin mu wanke ƙafa tsakar gidan Dadda ta cika: dattawa a kan darduma, mata a bakin ƙofa, ga Gwaggo Tuda, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke zama inda ta ga dama, a tsakiyar maza. Ni da Lalla Zhor muka rakuɓe a bakin ƙofa. Dadda ya tsufa. Gemunsa ya yi fari fat, kuma na lura yana lalube kafin ya taɓa abu. Bai dubi inda nake ba.

Si Allal ya tashi ya yi jawabi. Ya fara da ban haƙuri, ya zarce da biran Azru, ya bi ta kan yadda ya ceci yayarsa daga faɗawa rami, har sai da limamin ƙauye ya yi gyaran murya. Sannan ya durƙusa ya ajiye kantun a gaban Dadda.

Dadda ya ɗora hannu a kai. Na saki numfashi. Sai ya ce, "A kawo faranti da buta."

"Dadda, ai sai a ajiye shi," in ji Si Allal da sauri. "Kada a yi wahala. Na sha shayi a hanya."

"Wannan ba na ajiya ba ne. Kan shayi muka ɓata, kan shayi za mu shirya."

Aka kawo 'yar gudumar tagulla. Dadda ya kwance takarda. Kantun ya fito da wani ja-ja a jikinsa, dattawa suka ɗan matso suna kallo.

"Haka na birni yake yanzu," in ji Si Allal. Gumi na zuba masa a cikin wannan sanyi.

Dadda ya buga, gudumar ta yi ƙara ta dawo. Ya sake bugawa da ƙarfi, gutsure ya fita. Ya cika butar da manyan gutsattsari yadda muke yi wa baƙon da ake ji da shi, ya zuba a kofi ya mayar, ya zuba ya mayar, sannan ya zuba kaɗan ya kai baki don ɗanɗanawa.

Na ga maƙogwaronsa ya tsaya. Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, wajen da mata suke, ya daɗe a haka. Sannan ya haɗiye, ya ɗaga kofin ya shanye har ƙasa.

"Ya yi," in ji shi.

Ya cika wani kofin daga sama har ya yi kumfa, ya miƙa wa mijina.

"Si Allal, shayi aikin birni ne. Ɗanɗana ka faɗa mana ko da gyara."

Si Allal ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa. Idanunsa suka kawo ruwa, kunnuwansa suka motsa.

"Ba... ba gyara, Dadda."

"Ko in ƙara sukari? Na san ku mutanen birni da son zaƙi."

"A'a, wallahi ya isa."

Dadda ya ƙara gutsure biyu. Faranti ya zagaya. Tunda mai gida ya ce ya yi, kowane dattijo ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce madalla. Liman ya ce madalla sau biyu, muryarsa na rawa. Sai kofi ya iso hannun Gwaggo Tuda. Ta kurɓa, ta fesar da shi har kan takalmin liman.

"Wane mara mutunci ne ya wanke ƙafar alfadari a butar nan?"

Daidai lokacin wata akuya ta ratso tsakanin dattawa, ta wuce kowa, ta sa harshe a sauran kantun tana lasa. 'Yan uwanta biyu suka biyo ta. Wani ya ce, "Gishiri ne," wani ya maimaita, sai tsakar gidan ta fashe. Maza na riƙe ciki, mata na faɗawa kan juna. Lalla Zhor ta miƙe, gwiwar ma ta manta da ita, ta ba su labarin tun daga biri har taya, tana nuna ƙaninta da yatsa a kowace gaɓa.

Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Kunya da tsoro suka rufe ni. Mun zo ban haƙuri mun shayar da dattawan gari ruwan gishiri. Na tashi na fuskanci Dadda.

"Dadda, ka turo mana abinmu. Mun cancanta."

Dadda ya kori akuyar da bayan hannu, ya ninke shuɗiyar takardar a hankali ya sa a ƙarƙashin darduma.

"Me zan turo? Na riga na sha. Da sukari ya kawo, da gobe in ya ba ni haushi sai in sake korarsa. Yanzu kuwa ya ci gishiri a gidana a gaban jama'a, kuma a al'adarmu wanda ya ci gishirin gidanka ba a korarsa, ya zame mini dole har in mutu." Ya juyo wajen ƙofa. "Ijja, ke ce a can? Matso in gan ki. Idona ba ya kai ƙofa yanzu."

Na ratsa dattawa na durƙusa a gabansa. Ya lalubi fuskata da hannun da ke ƙanshin na'ana'a, ya ce na tsufa, na ce shi ma.

Si Allal ya ga an shirya, ya fara ajiye kofinsa a ɓoye a bayan matashi. Dadda bai ko juya ba.

"Uku ake sha a gidan nan, surukina. Saura biyu."

Ya sha su. Washegari muka tashi dusar ƙanƙara ta rufe hanya, muka zauna a Tagunt har ta buɗe, motar kuwa kaji suka mai da ita ɗaki.

Yanzu in kuka je Meknes za ku same shi a shagon wanzami yana bayanin cewa da gangan ya kai gishiri, don ya fi kowa sanin al'adar mutanen dutse. Ba na ƙaryata shi. Amma ku lura da shi in wani ya ɗauki buta zai haɗa shayi: a kan hannuwansa yake zama.